Wankin Sulallan Baba

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan, ku sarara min haka. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa Amarya ta cika rawar kai, karanta wannan tukuna, sannan ki dafa ƙirji ki faɗa min ko ke da ba ki yi abin da ta yi ba.

Wanda ya shigo mana yau, ga inda muke. Baba tsohon makanikin jirgin ruwa ne. Duk tashar da jirginsu ya tsaya, abokan aikinsa su sayi agogo da rediyo, shi kuwa ya bi lungu-lungu yana neman sulallan mutanen dā, kuɗin sarakunan da ko kabarinsu ba a sani ba. Yanzu ido ya rufe, likita ya ce ko dai a yi aiki kwanan nan ko a haƙura da gani har abada. Da ƙyar Baba ya yarda a sayar da tarin nasa. Jiya ya danƙa wa Amarya, matar autansa, makullin akwatin, ya ce ta fito da shi falo, mai saye na tafe da safe.

*

Amarya ta ja da baya ta kalli aikinta, ta yi murmushi.

Sulallan na jere a kan farin ƙyalle, sai ɗaukar ido suke. Na azurfa sun yi fari tas, na tagulla sun yi ja kamar yau aka ƙera su.

Ba haka ta same su ba. Da ta buɗe akwatin sai da ta yamutsa fuska. Wasu baƙi ƙirin, wasu kore-kore kamar bakin famfon da ya shekara yana yoyo, wasu har da ƙasa maƙale a jikinsu. Wannan za a ajiye wa baƙo a gabansa? A gidan da take aure? Ga shi kuma Yaya na zuwa, yayar mijinta, matar da in ta shigo gidan nan sai ta goga yatsa a kan talabijin ta duba kafin ta amsa gaisuwa.

Shi ya sa tun asuba ta zauna a kicin da lemun tsami da gishiri. Masu taurin kan ta bi su da soson ƙarfe. Yatsunta duk sun tsattsage, tsamin na shiga yana zugi, amma ko a jikinta. Baba ne fa. Mutumin da tun ranar da aka kawo ta bai taɓa ce mata suruka ba, sai Amarya, sai 'yata, har sunan ya bi ta duk da shekarun da aka ja.

Aljihun ƙasa na akwatin ne kawai ba ta taɓa ba. Shi da ɗan kwaɗonsa daban, makullin kuma na rataye a wuyan Baba. Tun farko ya ce a sayar da komai, ban da na ƙasa.

Yaya ta yi sallama ta shigo, jaka a hammata. Yatsan har ya miƙe zai nufi talabijin, sai idonta ya sauka kan tebur.

"Wannan kuma fa?"

"Sulallan Baba ne, Yaya. Na ɗan gyara su."

Yaya ta ɗauki ɗaya, ta juya shi a hasken taga.

"Su ne ƙazantar nan da muka taso yana hana mu ko leƙawa?"

"Su ne."

"Ai kuwa kin yi aiki. Yau kam kin fitar da mu kunya, Amarya. Dama ta yaya mutum zai ba da kuɗin kirki a kan abin da ko a hanya ya gani ba zai sunkuya ya ɗauka ba?"

Amarya ta sadda kai, daɗi ya ratsa ta har ƙashi. Tunda take a gidan nan, yau ne yabo ya fito daga bakin Yaya ba tare da "amma" ta biyo baya ba.

Mijinta, wanda kowa a gidan ke kira Auta, ya fito yana saka maɓallin riga. Ya tsaya cak, ya zaro waya ya ɗauki hoto.

"Ranki ya daɗe, ai kin ƙara mana farashi. Mutumin nan in ya gani sai ya ninka."

"Baba fa?" in ji Yaya.

Auta ya ce, "Yana shiryawa. Ya ce in baƙon ya zo ya fara dubawa. Wai ba zai iya zama yana ji ana taya 'ya'yansa kamar awaki ba."

Amarya ta ɗauko wani ƙyallen ta lulluɓe sulallan, don ta so ita ce za ta yaye a gaban baƙo. Ni dai da tana jina, da na ce mata ta ji daɗin yabon nan da kyau, don ba zai kai azahar ba.

Mai Gilashi, mai sayen, ya iso a kan lokaci. Haka ake kiransa saboda ɗan gilashin nan irin na masu gyaran agogo da ke rataye a wuyansa duk inda ya je. Dattijo ne siriri mai magana a hankali. Ya daɗe da sanin Baba, ya kuma daɗe yana zawarcin akwatin nan ana korarsa.

Aka gaisa, aka kawo ruwa. Ya buɗe jaka ya ciro farar safar hannu, ya sa ta yatsa bayan yatsa.

"Ku gafarce ni," ya ce. "Ko gumin hannu ba a so ya taɓa su."

Amarya ta matso gaban tebur. Ta yaye ƙyallen.

Mai Gilashi ya gyara zama. Ya kalli teburin, ya kalli akwatin da ke gefe, ya sake kallon teburin. Sai ya fara cire safar, ya ninke ta, ya mayar jaka.

"Malam, lafiya?" in ji Auta.

"Wa ya taɓa su?"

"Ni ce, Malam," Amarya ta amsa, murmushin bai gama barin fuskarta ba. "Ba wani aiki ba ne."

"Da me?"

"Lemun tsami da gishiri."

"Shi ke nan?"

"Waɗanda suka ƙi fita na ɗan sa musu soson ƙarfe."

Dattijon ya rufe ido. Leɓɓansa na motsi, salati yake a hankali.

"Malam, ka yi mana bayani," in ji Yaya. "Wani ya ɓata ne a ciki?"

"Babu wanda ya ɓata, Hajiya. Duk suna nan." Ya juya wajen Amarya. "'Yata, baƙin nan da koren nan da kika gani ba datti ba ne. Shekaru ne. Kowane sule sai ya yi ɗaruruwan shekaru a ƙasa ko a cikin tulu kafin ya sami wannan rigar, kuma babu maƙerin da ya iya yi masa ita. Da ita muke gane na gaskiya daga jabu. Ita ake saya. Abin da ke ƙarƙashinta ƙarfe ne kawai."

Amarya ta dubi dattijon.

"To... in an bar su ba za su sake yin baƙin ba? Ko na binne su a bayan gida?"

"Jikokin jikokinki ma ba za su riski ranar ba. Kuma ba rigar kaɗai ta tafi ba."

Ya ciro gilashin daga wuyansa ya miƙa wa Auta, ya tura masa wani babban sule na azurfa.

"Duba min hancin sarkin nan."

Auta ya kanga gilashin a ido, ya daɗe yana dubawa.

"Ai ba shi da hanci. Duk zane-zane ne, kamar kaji sun yi tono a kai."

"Jiya yana da shi," in ji Mai Gilashi.

Auta ya ajiye gilashin, ya goge tafin hannunsa a wando.

"Yanzu dai, Malam, a yadda suke, me za ka iya bayarwa?"

"Da jiya ne, biyu a cikin waɗannan sun isa aikin idon har da magani. Yau kuwa, duka tarin sai dai na ɗora a sikeli na auna, kamar yadda maƙerin 'yan kunne zai yi. Ko gadon asibitin ba za su kama muku ba."

Yaya ta juyo a hankali. Wanda ya san Yaya ya san wannan juyowar.

"Wa ya aike ki?"

Amarya ba ta ɗago ba.

"Magana nake miki. Makulli aka ba ki aka ce ki fito da akwati falo. An ce ki buɗe? An ce ki wanke? Ke komai kika gani sai kin dirje shi. Mu ma in muka daɗe a zaune, wata rana sai kin bi mu da soso."

"Yaya, ɗazu fa ke da bakinki kika ce..." Auta ya fara.

"Na ce me? Abin da na gani na yaba. Ni na riƙe mata soson? Kai da ka tsaya ɗaukar hoto kamar ranar suna, yi min shiru."

Ta sake juyowa kan Amarya.

"Mutum ya kwashe ƙuruciyarsa a cikin maiƙo da zafin inji yana tara abinsa, ya hana kansa, ya hana mu, ke kin tashi da asuba ɗaya kin kankare. Idon ubanmu kika kankare, in ba ki sani ba."

Amarya ta so ƙasa ta tsage ta shige. Kunya ce irin wadda ko kuka ba ta barin mutum ya yi. Ta tura hannayenta cikin mayafi ta ɓoye su. Da a ce mugunta ta yi, da ta san yadda ake neman gafarar mugunta. Amma wannan da ƙauna ta zauna ta yi shi, tana waƙa ma a ranta, tana hango yadda Baba zai sa mata albarka. Ga baƙo kuma na zaune ya ji komai, har da murmushin da ta yi tana cewa ba wani aiki ba ne.

Mai Gilashi ya yi gyaran murya.

"Akwai guda ɗaya da ban gani a nan ba."

Duk suka dube shi.

"Ɗan ƙarami ne, baƙi, bai kai farcen babban yatsa ba. Sau ɗaya Baba ya taɓa nuna min shi, shekaru da yawa, ko riƙewa bai bari na yi ba. In wannan bai ga lemun tsami ba, shi kaɗai ya ishe ku komai, har da canji."

Idon Yaya da na Auta suka sauka kan aljihun ƙasa lokaci guda.

"Baba ya ce ban da na ƙasa," in ji Amarya.

"Har kina da bakin magana?" in ji Yaya.

Auta ya tsuguna gaban akwatin, ya taɓa ɗan kwaɗon, ya leƙa hanyar ɗakin Baba. Ya rage murya.

"Kwaɗon nan ba wani ƙarfi gare shi ba. Bakin wuƙa ma zai buɗe shi. Mu ɗauke, mu sa wani mai girmansa a madadinsa cikin waɗannan. Baba ba gani yake ba."

"In an yi aikin ya gani fa?" in ji Amarya.

"Lokacin ai ya riga ya sami ido. Ya yi faɗansa yana kallonmu, na yarda. Ya fi ya zauna cikin duhu yana shafa ƙarfe."

Yaya ta dubi baƙon.

"Malam, kai me ka gani?"

Mai Gilashi ya mai da idonsa kan kofin ruwan da ke gabansa.

"Wannan maganar gida ce, Hajiya. Ni dai abin da aka miƙo min shi nake dubawa."

Kun ji dattijon kirki. Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba, amma jakarsa da ya rufe ɗazu ya sake buɗe ta.

Auta ya shiga kicin. Aka ji ƙarar cokula, ya fito da 'yar wuƙar yanka albasa. Kafin ya ƙaraso, Amarya ta riga shi, ta durƙusa gaban akwatin ta ɗora tafin hannunta a kan kwaɗon.

"Don Allah kada ka yi."

"Matsa."

"Ka yi haƙuri, ba zan matsa ba."

"Ke kika jawo mana wannan, ni kuma mafita nake nema. Ko so kike a ce matata ce ta makantar da ubana? Ke nake rufa wa asiri, in ba ki gane ba."

"Na gane." Hawayen da suka ƙi zuwa ɗazu sai yanzu suka sami hanya. "Na ɓata masa dukiya ban sani ba. Wannan kuwa muna sane za mu yi. Ni ya ba amanar akwatin nan. Na ci rabi, ka bar ni da sauran."

"Ji min 'yar amana," in ji Yaya. "Ɓarna ta gama yi, yanzu kuma wa'azi za ta yi mana."

Sai ga ƙarar sanda a tsakar gida. Ƙwas. Ƙwas.

Auta ya mai da wuƙar bayansa. Amarya ta goge fuska da gefen mayafi ta miƙe.

Baba ya shigo cikin fararen kayansa na fita unguwa, ya sha turare, hula zaune daram. Idanun nan sun yi fari kamar an ɗiga musu madara. Amarya ta tare shi kamar kullum, ta kama gefen sandar ta kai shi kujerarsa. Suka gaisa da baƙon, ya tambaye shi iyali da kasuwa.

"Na ji ku shiru," in ji Baba. "Malam, ko yaran nawa ba su burge ka ba ne?"

"Muna dai dubawa, Baba."

"Duba da kyau. Ba za ka sake ganin irinsu a hannu ɗaya ba." Ya miƙa tafin hannu. "Amarya, miƙo min su na yi musu sallama. Fara da babban nan na azurfa, mai sarki mai dogon hanci. Shi na fi wahala a kansa. Albashin wata guda na ajiye wa wani tsoho a bakin tasha, na koma jirgi ina cin busasshen burodi har muka iso gida."

Ba wanda ya motsa.

"Amarya?"

"Na'am, Baba."

Ta ɗauko sulen da hannu biyu, ta ɗora masa.

Baba ya rufe yatsunsa a kai yana murmushi. Babban yatsansa ya bi ta fuskar sulen sau ɗaya, ya tsaya. Ya juya shi, ya bi ta bayan. Ya kai shi hanci ya sunsuna. Murmushin ya tafi a hankali.

"Ba ni wani."

Ta ba shi. Ya shafa, ya ajiye a cinya.

"Wani."

Ta ba shi na uku. Wannan bai ma shafa sosai ba.

"Kawo hannunki."

Ta miƙa. Ya kama yatsunta yana bi ɗaya bayan ɗaya, yana taɓa inda soso ya tsaga, inda fata ta yi laushi don daɗewa a ruwa.

"Tun yaushe kike kansu?"

"Tun asuba, Baba." Ta zube a gabansa. "Baba, ni ce. Wallahi ban sani ba. Na ga kamar datti ne, na ji kunyar a nuna wa baƙo, na..."

"Malam," Baba ya katse ta, ya juya fuskarsa inda baƙon yake. "Ka yi haƙuri, mun taso ka a banza. Ni na sa ta. Jiya na ce mata ta wanke su tas. Ka san tsufa, kai ya fara taɓuwa."

Babu wanda ya yarda a falon nan, kuma babu wanda bai san dalili ba. Mutumin da ko 'ya'yansa bai yarda su hura wa sulallan nan numfashi ba, shi zai ce a sa musu soso? Mai Gilashi ya sunkuyar da kai. Amarya kuwa ji ta yi gara zagin Yaya sau dubu. Tunda take ba ta taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba, ko ta wasa. Yau ya yi, a gaban baƙo, ya kira kansa mai taɓin kai, duk don kada a ce ita ce.

"Baba, kada ka rufa mata," in ji Yaya. "Ita da kanta ta..."

"Ke. A gaban baƙo?"

Yaya ta haɗiye sauran.

"Malam, ba sai ka faɗa min abin da suka koma ba, yatsana ya faɗa min. Na kuma san abin da ya hana ka tashi ka tafi." Ya ɗan karkata kai. "Auta, ajiye wuƙar nan kada ka yanke."

Wuƙar ta faɗi a kan tayil. Gumi ya keto wa Auta. Ya durƙusa inda yake tsaye, ya kasa ko ba da haƙuri.

"Ido ne ya tafi," in ji Baba. "Kunne na nan. Ku turo min akwatin."

Amarya ta turo. Ya zaro igiyar daga wuyansa, ya lalubi kwaɗon, ya buɗe. Ƙulli ne a ciki, na wani tsohon ƙyallen zani da launinsa ya gama kwanciya. Ya kwance shi a hankali. Ga ɗan sulen nan, baƙi, ƙarami, abin da ko a share ɗaki aka gan shi sai a haɗa da shara. Mai Gilashi har ya ɗan tashi daga kujera, sannan ya tuna kansa ya koma.

"Ku biyun nan ba ku san wannan ba," in ji Baba. "Ban taɓa faɗa muku ba. Wannan tarin da kuka sani ba shi ne na farko ba. Na farkon ya fi shi nesa ba kusa ba. Da mahaifiyarku ta kwanta ciwon da bai bar ta ba, kai Auta kana goye, ke kuma kin fara zuwa makaranta, na kwashe shi kaf na kai wa wani ɗan kasuwa don na biya asibiti. Mutumin ya duba ya ce ɗaya babu, kuma shi ya fi so. Na dawo na birkita gida ban gani ba. Ya rage min kuɗi sosai, na karɓa haka."

Ya shafa ƙyallen.

"Ranar da ta rasu, ƙanwarta ta kawo min wannan ƙullin. A gefen zaninta aka same shi. Matar da ba ta iya ɗaga kofi, ita ta lallaɓa ta sace min shi. Ta bar saƙo wai in ta tafi a ba ni, kada na wayi gari ba ita, ba su."

Yaya ta toshe baki da mayafi.

"Har yau ina tambayar kaina, da an haɗa da shi kuɗin sun cika, ko da ta ƙara kwana? Allah ne masani. Ni dai a kansa na sake tara sauran."

"Baba, ka yafe mana," in ji Yaya. "Amma ka sayar. Mama da tana nan ita za ta fara cewa ka sayar. Idonka ne fa."

"Kin tabbata? Ita da ta zaɓi ɓoye shi a kan maganinta?"



"Baba," in ji Auta daga inda yake durƙushe, "likita ya ce in aka ƙara jinkiri..."

"Na ji abin da likita ya ce, ina wurin." Ya juya sulen a tsakanin yatsunsa. "In na sayar, na sami ido, na buɗe shi a kan ƙarafan da ba su da fuska, wannan kuma yana aljihun Malam. In na riƙe, yana hannuna, amma ba zan sake ganinsa ba, ba zan sake ganin ɗayanku ba. Dā na yi dabarata, na ce na ba da sauran na tsira da duka biyun, da shi da idon. Allah bai nufa ba."

Kowace kalma a kan Amarya take sauka. Bai ambace ta ba, bai ɗaga murya ba, amma ta san hannun da ya rushe dabarar. Ta kifa goshinta a hannun kujerarsa tana kuka marar sauti.

"Malam, in na miƙa maka shi yau, yau za a biya asibiti?"

"Kafin la'asar, Baba."

"To." Baba ya rufe tafinsa a kan sulen. "Ni in na zaɓa, son rai ne zai zaɓa, na san kaina. Ku biyu kuma kun riga kun yi taku shawarar da wuƙa, ba sai na sake tambayarku ba. Amarya."

"Na'am, Baba."

"Ɗago. Buɗe hannunki."

Ta buɗe. Ya lalubo tafin nata, ya ɗora ɗan sulen a tsakiyar tsagar da soso ya yi.

"Baba, a'a. Don Allah kada ka ba ni. Ni da na gama lalata..."

"Ke kika tsaya a gaban akwatin nan ɗazu, na ji ki. Ke kike kama min sanda, ke kike sa min magani a ido, kin fi su sanin yadda duhun nan yake ci na. Wancan karon mace ce ta yanke min hukunci a kansa ban sani ba. Wannan karon ina so a yanke ina zaune. In kin miƙa wa Malam, ya sayu. In kin mayar cikin ƙullin, na rufe akwatina, kada wanda ya sake yi min maganar asibiti."

"Baba, ita za ka ba wa?" in ji Yaya. "Muna 'ya'yanka muna zaune?"

Baba bai ko juya ba. Ya naɗe yatsun Amarya a kan sulen, ya sake ta, ya jingina da kujera, ya juyo da fararen idanunsa daidai inda yake jin shesshekarta.

"Muna jin ki, 'yata."